Babi na Shida: Abin da Soja Ya Bari a Adaka

Ranar 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da sojoji kimanin 700, ya nufo Kano. Garin da ya fara tare masa hanya shi ne Bebeji. Ranar 1 ga Fabrairu mutanen garin suka rufe ƙofa suka ƙi buɗewa, aka saki igwa ta fasa ta, Sarkin Bebeji ya kwanta dama a wurin tare da wasu daga cikin mutanensa. Kwana biyu bayan haka Kano ta faɗa hannun Turawa.

Duk wanda ya nemi labarin waɗannan kwanaki a rubuce, da rahoton Turawa zai fara cin karo. Su suka ƙirga gawa, su suka faɗi dalili, su suka zaɓi abin da za a tuna. Muryar namu mutanen da ta shiga littafi ta hanya biyu ta bi. Akwai wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya fitar da fassararsu a 1927. Akwai kuma hirar da D. J. M. Muffett ya yi da tsofaffin da suka ga yaƙin da idonsu, ya zuba a littafinsa na 1964. Takardar da aka adana ta yi magana, tsohon da aka tambaya kafin ya rasu ya yi magana. Saura duk sun tafi da nasu.

Shekara 40 bayan faɗuwar Kano samarin ƙasar suna sanye da kakin rundunar da ta ci ta, suna cikin jirgin ruwa daga Legas zuwa Indiya. Bayansu wasu suka je Kwango, wasu suka yi Yaƙin Basasa, wasu suka je Laberiya da Saliyo. Waɗannan sun bar mana hoto da wasiƙa da takardar sallama. Suna nan cikin adaka a ƙarƙashin gado a Kiru, ko cikin kwalla a ɗakin wata tsohuwa a Tudun Wada, ko cikin gafakar wani malami a Doguwa. Abin da hukuma ta riƙe game da soja bai wuce lamba da bataliya da ranar shiga da ranar fita ba. Kamanninsa, da abin da ya hana shi barci, da wanda ya ce a gaishe masa, gida ne kaɗai ya riƙe su. In gida ya saki, babu ofishin da zai mayar.

Wa ya tafi, ina aka kai shi

Kafin mutum ya gane abin da ke hannunsa, sai ya san daga wane yaƙi ya fito. Mafi tsufan abin da ake samu a gidaje na Yaƙin Duniya na Biyu ne, 1939 zuwa 1945, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila. A lokacin sojan Najeriya yana cikin Rundunar Afirka ta Yamma ta Ingila, Hausa ce harshen bariki, kuma ta hannun hakimai da dagatai ake neman kurata. Da fari an kai su gabashin Afirka suka kara da Italiya. Birged ɗin Najeriya ya shiga Mogadishu a Fabrairu 1941, ya zarce cikin Habasha har Harar.

A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 don yaƙar Japan a Bama. 'Yan Afirka ta Yamma kusan 90,000 aka kai can, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, cikin kurmi da duwatsun da mota ba ta shiga, abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefowa, 'yan dako su ɗauka a ka. Bataliya uku ta Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, suka shiga dakarun Chindit na Janar Wingate, waɗanda ake saukewa a bayan abokan gaba. A Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace Myohaung. Akasarin waɗanda suka tsira a 1946 suka dawo, Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja. Barikin Dodan da na Arakan da na Myohaung a Legas, da Letmauk a Ibadan, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, duk daga wancan yaƙi sunayensu suka zo.

Wanda bai sa kaki ba ma yaƙin ya same shi a gida. Da Japan ta kama Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Arewa. Daga 1942 zuwa 1944 an yi ta ɗibar talakawa da ƙarfi zuwa ramukan kuza na Jos, abin da ake kira ɗiban gwamna. Riruwai, hedikwatar Doguwa a yau, garin kuza ne tun kafin zuwan Turawa. Don haka tsohuwar takardar aikin haƙa ko rasit ɗin haraji na waɗannan shekaru, su ma takardun yaƙi ne, kada a raina su.

Daga 1960 zuwa 1964 sojan Najeriya ya yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango, inda barikin Bukavu na Kano ya samo sunansa. Sai Yaƙin Basasa, daga 6 ga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970. A cikin waɗannan shekaru sojan ƙasa ya tashi daga kimanin 10,000 zuwa wajen 250,000. Wannan yawan ne ya sa hotunan Basasa suka fi na kowane yaƙi yawa a ƙauyuka. An kuma sake kiran wasu mazan jiya na Bama suka koma kaki, shi ya sa adaka ɗaya takan haɗa yaƙi biyu. Runduna ta 2, wadda Murtala Muhammad ya jagoranta, ta yi asarar mutane da yawa a yunƙurin ƙetare Kogin Kwara zuwa Anaca a Oktoba 1967, da kuma kwanton ɓaunar Abagana a Maris 1968. Gidan da nasu ya faɗi a irin waɗannan wurare, sau da yawa ba su ga gawa ba, ba su san kabari ba. Hoton da ya aiko daga bariki shi ne iyakar abin da ya rage musu. Na baya-bayan nan su ne hotuna masu launi na sojojin ECOMOG da suka je Laberiya da Saliyo, tun daga 1990.

Karatun hoto da wasiƙa

Hoton soja yana da bayani ga wanda ya san inda zai duba. Alamar bishiyar kwakwa a hula ta Rundunar Afirka ta Yamma ce, wato zamanin Turawa. Jar dara kayan fareti ce, malafa mai faɗin baki kuwa ta fita daji ce. In an ga baƙin gizo-gizo a hannun riga, mutumin na runduna ta 81 ne. In masu biyu ne gicciye a kan gammo, na ta 82 ne. Igiya biyu kofur, igiya uku saje. A juya bayan hoton, domin masu hoto kan buga hatiminsu da sunan gari, ko Bombay ko Kalkata, ko Kaduna ko Makurɗi ko Inugu. Wannan hatimi kaɗai yakan warware gardamar da aka daɗe ana yi a gida.

Abin da ya fi kome muhimmanci shi ne lambar soja, wadda ta 'yan Najeriya ke farawa da NA. Ranar ɗauka akawu yakan rubuta sunan mutum ya haɗa da sunan garinsu, wane Kano, wane Katsina, ba tare da sunan uba ba. Jikan da ya tafi neman kakansa da sunan da aka san shi da shi a gida yakan dawo hannu rabbana, alhali da lamba ya je da an gano shi. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana da shafi a intanet inda ake neman mamaci kyauta, da suna ko da lamba. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai ginin tunawa mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da 'yan Najeriya a ciki. Amma ita wannan hukuma ta amsa a rahotonta na 2021 cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka, da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunayensu kamar yadda aka rubuta na Turawa ba. Wanda ya dogara da ofis kaɗai, ga abin da ya dogara da shi.

Lambobin yabo su ma haka. Tauraron Bama da Tauraron Afirka da sauran na Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta raba su ba tare da an zana sunan mai su ba. Ranar da lambar yabo ta rabu da takardar sallama, babu mai iya cewa ta wane ce.

Wasiƙa kuwa sai an karanta ta da sanin yadda aka rubuta ta. Sojoji da yawa ba su yi boko ba. Wani da ajami yake rubutawa, wani ya faɗa wa abokinsa ko akawu ya rubuta masa. In ta iso gida, malami ko ɗan makaranta ne zai karanta a zaure a gaban jama'a. Ga kuma jami'in tantancewa da ke duba ta kafin ta bar sansani, ba a yarda a faɗi wuri ko asara ba. Shi ya sa mai karatu a yau zai ga daga "Takarda ta fito daga hannun wane" sai gaisuwa mai yawa, sai "muna nan lafiya", sai "haza wassalam", ya ce ai babu kome a ciki. Akwai. Jerin gaisuwar nan ƙidayar gida ce ta wannan shekara: wa ke da rai, wace ce uwargida, wane ƙane ne ya yi aure, wane maƙwabci ne na kusa. Bayan gaisuwa sai umarni kan kuɗin da ya aiko: a biya haraji, a fanshi gona, a saya wa Inna zane, a taimaka da bikin ƙanwa. A nan ake ganin abin da ya kai saurayi soja da abin da ya bari a baya. Kada a yar da ambulan, domin kan sarki da hatimin gidan waya da adireshin bataliya suna ba da ranar da wasiƙar ba ta faɗa ba.

Abin da ke cin su

Kudancin Kano ya fi arewacinta ruwa. A Doguwa da tsaunukan Riruwai da gefen dajin Falgore damina na riga sauka, tana kuma daɗewa. Ga laimar Dam ɗin Tiga da fadamun shinkafa na Tudun Wada. Abin da ya zama albarka ga manomi shi ne babban maƙiyin takarda. Da zarar danshin iska ya haura kashi 65 cikin 100, fumfuna na samun wurin zama. Fuskar tsohon hoto baƙi da fari wani siririn shafi ne da ake yi da sinadarin fata da ƙashin dabba. In ya sha laima sai ya kumbura ya yi danƙo, ya manne da gilashi ko da hoton da ke kansa. In hunturu ya zo sai ya bushe ya tsattsage, takarda kuma ta karye a kan linki. Zafin ɗakin kwano yana gaggauta tsufan takarda, haske kuma yana kashe launi, shi ya sa hotunan 1980 da 1990 da aka rataye a bango suke komawa ja-ja ko rawaya. Gara na bi ta daɓe da bangon ƙasa, kyankyasai na lasar gam da fuskar hoto, ɓera na yin sheƙa da abin da ya rage.

Tawada ma iri-iri ce. Ta gawayi da ƙaro, irin ta allo, ɗigon ruwa ɗaya ke wanke ta. Ta bagaruwa da ƙarfe ba ta wankuwa, amma in ta tsufa cikin laima tana cin takardar har ta huda ta. Ta alƙalamin boko tana bajewa. Fensir ne ya fi su duka jurewa.

Sai ɓarnar hannu, wadda akasari da kyakkyawar niyya ake yin ta. Salatif yana bushewa ya faɗi, ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Fil da kilif suna tsatsa. Robar ɗaure kuɗi tana narkewa ta manne. Rubutun biro a bayan hoto yana ratsowa gaba. Mafi muni shi ne laminatin, domin zafi da gam ne ake haɗa takarda da leda da su, kuma ba a kwancewa. Mutum ya kai takardar sallamar kakansa shago don ya cece ta, ya dawo da ita an yanke mata hukunci.

Ƙaura ita ma tana cin takarda. Dubban mutane aka tasa lokacin gina Dam ɗin Tiga tsakanin 1971 da 1974, kuma kowane tashi, na dam ne ko na rushewar soro ko na komawa birni, ana fara ɗaukar hatsi da tufafi ne, takarda ta zo a ƙarshe. Akwai kuma abu biyu da suka shafi addini. Wasu kan ƙone tsofaffin wasiƙu don suna ɗauke da bisimilla ko aya, gudun kada a taka. Wasu kuma zuciyarsu ba ta kwanta da ajiye hoto ba. Duka biyun tsoron Allah ne ya kawo su, kuma akwai mafita da ba ta kai ga wuta ba. Takardar da aka killace a akwati mai tsabta a wuri mai tsayi ta tsira daga wulaƙanci. Wanda ba ya son hoto a ɗakinsa yana iya miƙa shi ga ɗan'uwa ko gidan tarihi.

Aikin rani ɗaya

Lokacin aikin shi ne bayan an gama kaka, iska ta bushe. A shimfiɗa farin zane a cikin ɗaki, nesa da abinci da ruwa da ƙananan yara, a wanke hannu a bushe shi sarai. Kafin a taɓa kome a ɗauki hoton adakar yadda aka same ta, domin abin da aka ɗaure tare akwai dalilin haɗa shi. A riƙe hoto ta gefe. A cire fil da roba a hankali. A warware wasiƙa a shimfiɗe ta, in ta ƙi kada a tilasta mata. Mai fumfuna a ware ta, a bari ta bushe a inuwa, sannan a share da burushi mai laushi a waje, an rufe hanci. Hoton da ya manne da gilashi a bar shi da gilashinsa, a ɗauki hotonsa haka nan. Wanda ruwa ya jiƙa a raba shi da 'yan'uwansa tun da danshinsa, a kwantar da shi fuska sama a inuwa. Rana tana nannaɗe shi. Laya in an samu, a bar ta a ɗinke.

Kowace wasiƙa da ambulan ɗinta su shiga cikin farar takarda da aka ninka biyu, kowane hoto ma haka. Sabuwar farar takardar kwafi ta wadatar. A guji takardar jarida da ta buhun siminti, don suna da tsami mai ƙona abin da suka taɓa. In an samu yankin Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana edita, abu ne mai daraja, amma a ba shi nasa mazubi. Lambobin yabo a naɗe su a ƙyallen auduga daban, kada a goge su da man goge ƙarfe.

Akwatin ƙarfe mai murfi sosai ya fi kwali. A ɗora shi a kan benci ko bulo, a janye shi daga jikin bango, a ɗakin da ba ya yoyo kuma rana ba ta dukan sa. Kada a ƙulle takarda a leda, leda na tsare laima a ciki. 'Yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani suna da amfani, a riƙa shanya su ana mayarwa. Busasshen ganyen darbejiya a ƙulle a tsumma yana taimakawa wajen korar ƙwari, muddin bai taɓa takarda ba. A buɗe akwatin a duba kafin ruwan farko da bayan ruwan ƙarshe.

Sannan a yi kwafi. Wayar hannu ta isa: a inuwa mai haske, ba filashi, waya a saitin takarda daidai, gaba da baya. In za a kai shagon kwamfuta a yi sikanin, a ce a sa ingancinsa a kan 600 ga hoto, 300 ga wasiƙa, a tsaya a kai har a gama, kada a bar asali ya kwana a shago, kada kuma a yarda a zura shi a injin da ke jan takarda. WhatsApp yana rage ingancin hoto in ba a matsayin fayil aka tura ba. Kwafi ya zama uku a wuri uku: a waya, a memori ko kwamfuta, da kuma wurin ɗan'uwa a wani gari. Wanda za a rataye a bango a wanko sabo, asali ya zauna a duhu. Wasiƙar ajami a nemi malamin da ya saba da tsohon hannu ya karanta, a rubuta da boko, a ajiye tare.

Tambayar tsofaffi

Hoton da aka adana da kyau amma babu wanda ya san ko wane ne, rabin aiki aka yi. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a 1943, yau ya haura 100. Na 1967 yana gab da 80. Waɗanda suka rage da sani su ne matansu da ƙannensu da manyan 'ya'yansu mata, kuma su ne aka fi mantawa a tambaya. A je musu da hoton a hannu, a kunna rikodin waya da izininsu, a yi tambaya ƙarama.

"Goggo, ku duba mana wannan. Wane ne a tsaye a hannun daman Baba?"

Daga irin wannan ne zance ke ɓarkewa: wanda aka ɗebe su tare, wanda bai dawo ba, ranar da aka ji guɗa a ƙofar gida, ciwon da ya dawo da shi, da dalilin da ya sa ba ya son ƙarar tsawa. A tambayi Baffa, a tambayi Kawu, kowa shi kaɗai, in maganarsu ta saɓa a rubuta duka biyun da sunan mai faɗi. Bayan haka a ɗauki fensir mai laushi a rubuta a gefen bayan hoton, ba tare da dannawa ba: cikakken suna da laƙabi, sunan uba, gari da unguwa, lambar soja, yaƙin, da wanda ya ba da bayanin. Abin da ya shafi sirrin aure ko bashi ko saɓanin dangi, a adana shi amma kada a ɗora a Facebook. Mamaci ma yana da mutunci.

Gado da amana

Ranar rabon gado ana lissafa gona da gida da shanu. Takardu ba su da farashi, don haka ko a bar su ga wanda ya ga dama, ko kowa ya ɗebi ɗaya don tunawa. Ta haka hoto ke tafiya Kwanar Dangora, lambar yabo ta tafi Kano, takardar sallama ta tafi da 'yar da ke aure a Saminaka, kowanne ya rasa abin da ke fassara shi. Abin da ya fi shi ne magada su yarda kayan su zauna wuri ɗaya a hannun mutum ɗaya, namiji ko mace, wanda aka sani da riƙon amana. A rubuta jerin abin da ke ciki, liman ko mai unguwa ya shaida, a ambaci wanda zai karɓa bayansa, kowane magaji ya sami kwafi. Dillalan kayan tarihi na sayen lambobin yabo, kuma abin da za su bayar ba zai kai ko'ina ba. Wanda aka sayar ba ya dawowa.

Akwai inda za a kai kwafi don amfanin masu bincike: Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, Arewa House da aka kafa a Kaduna a 1970, da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Babban ɗakin karatu na Ingila yana da shiri tun 2004 mai ba da tallafin ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗari, asali kuma ya zauna a ƙasarsa. Duk abin da aka miƙa a karɓi shaida a rubuce. Ƙungiyar tsofaffin sojoji da makarantun sakandare na ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa za su iya mayar da 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, ranar da kowane ɗalibi zai zo da kwafin hoto ɗaya da labarinsa. Shekara kaɗan ana haka, yankin zai mallaki kundin da babu irinsa a Kaduna ko Landan.

Adakar da ke cikin waya

Yaƙi bai ƙare ba. Tun 2009 samarinmu ke bakin daga a Arewa maso Gabas, wasu kuma a dazukan Arewa maso Yamma. Ba sa rubuto wasiƙa, saƙon murya suke turowa da hoto a WhatsApp. Wannan ya fi takarda saurin salwanta. Wasiƙar 1944 ta jure damina 80 a ƙasan adaka, amma waya ɗaya ta faɗa rijiya ko a sace ta a kasuwa, shekara biyar na muryar mutum sun tafi. Matar soja da ƙaninsa da mahaifiyarsa su ne masu riƙon wannan amana yanzu. A fitar da saƙonnin daga waya tun mai su yana raye, a sa wa kowanne suna da rana, a wanke hotuna kaɗan a takarda, a ba wani amintacce kwafi. Yaron da ke goye yau zai girma ya nemi jin muryar ubansa, kuma haƙƙinsa ne a kanmu ya sami abin da za a kunna masa.